Gilashin kyamara mai f/1.4: haske da yawa, saiti da wuya

Gilashin kyamara mai lamba f/1.4, idan aka buɗe ƙofar haskensa har ƙarshe, hasken da yake shigarwa ya ninka na f/2.8 sau huɗu. Shi ya sa masu ɗaukar hoton biki ke rububinsa: da dare ba sai da filasha ba, bayan amarya kuma ya yi dishi-dishi gwanin sha'awa.

Sai dai wurin da ke fitowa tar siriri ne ƙwarai. Da gilashin 85mm, idan ka matsa kusa, ido zai fito fes, kunne ya dushe. Amarya ta ɗan gyara zama kawai, hoton ya lalace, kuma ba a maimaita kamu.

Ka saita kan idon da ya fi kusa da kai. Idan dangi ne suka jeru sahu biyu, tsuke ƙofar zuwa f/5.6.