Kafin ka runtsar da motarka a Hasahisa, duba ƙarfin sifirin

Wani yayi da matasa ke kwaikwayo daga hotunan motocin Turai da Japan shi ne sauke mota ƙasa-ƙasa ta hanyar canza mata sifirin, abin da kanikawan Sudan ke kira "yay" da Larabci. Mota takan yi kyan gani, ba mu musa ba, kuma takan rage tangaɗi a kwana. Sai dai mu a nan Jazira, ƙasarmu baƙar laka ce. Da zarar ka sauka daga kwaltar da ta taso daga Khartum ta bi ta Hasahisa zuwa Wad Madani, ka nufi ƙauyuka ta gefen magudanan ruwa, to ka shiga hanyar da damina ke kwaɓewa, rani kuma ya busar da sawun tarakta ya zama kunya-kunya.

Don haka tambayar farko ga mai sayar da kaya ita ce ƙarfin sifirin, wato nauyin da ke danne shi milimita ɗaya. Wasu kamfanoni na rubuta shi da kilo, wasu da fam a kan inci, kuma a nan ake rikita mai saye. Kilo 1 a milimita daidai yake da kusan fam 56 a inci. Ke nan mai lamba 3 da mai lamba 168 abu ɗaya ne.

Bari mu yi misali. A ce fasinja da buhun dawa sun ƙara kilo 100 a kan kowace tayar baya. Sifirin mai ƙarfin kilo 2 zai nutse milimita 50, mai kilo 3 kuwa kusan 33. Idan an riga an sauke motar da milimita 35, sannan sabon sifirin bai fi na asali tauri ba, ina sauran sararin da taya za ta yi motsi? Ramin farko ƙarfe zai doki ƙarfe, shokazoba ta fara yoyo, tukunyar baƙin mai ta gogi ƙasa. Shi ya sa kamfanonin Jamus irin su Eibach da H&R ke haɗa gajarta da ƙarin tauri. Amma tauri ma yana da kuɗinsa: jijjiga ta ƙaru, taya ta riƙa tsalle a kan gargada maimakon ta riƙe ƙasa.

Akwai kuma sifirin da zobbansa ba su da tazara ɗaya, mai taushi da farko, ya taurara idan an danne shi. Irin wannan lamba biyu gare shi, kada a yarda a kwatanta shi da lamba ɗaya. Haka nan lambar da ta dace da Accent ɗin da aka harhaɗa a Giyad ba lallai ta dace da Corolla ba, domin inda aka ɗaura sifirin ya bambanta.

Mafi muni shi ne yanke na asali da wutar walda don a rage kuɗi. Rage zobba yana ƙara tauri, gaskiya ne, amma zafi na kashe ƙarfen, kuma sifirin na iya zamewa daga mazauninsa.

Abin lura, direbobin boksi da ke jigilar mutane da kaya zuwa ƙauyukanmu akasin haka suke yi: ƙara ganye suke yi a sifirin baya don motar ta ɗaga. Bayan yaƙin da ya mamaye Jazira daga Disamba 2023 zuwa farkon 2025, kayan gyara sun yi tsada, kuma duk wanda ya fasa shokazoba biyu saboda ado, kuɗin da zai sayi taya ne ya tafi.