Haruffan da ke Ɗaure Kaya a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Yelwa ya ga yadda fatake ke jera busasshen kifin tafkin Kainji cikin kwali, su danne shi, su ɗaure kafin a loda wa motar kudu, to ya riga ya fahimci rabin mas'alar da za mu yi bayani a kanta, domin aiki biyu ne suka yi, wato tara kaya wuri guda da kuma matse su, kuma waɗannan biyun su ne mai kwamfuta ke bukata idan takardu sun yi masa yawa, alhali intanet tana jan ƙafa, wutar lantarki kuwa, ko da yake muna maƙwabtaka da madatsar da ke samar da ita tun 1968, ba ta da alkawari.

Ɗaya daga cikin mafi daɗewa a manhajojin da ake wannan aiki da su har yau ita ce tar, wadda ta fito a 1979 tare da tsarin Unix, a zamanin da ake adana bayanai a kan zaren kaset. Ita tarawa kaɗai ta sani, a 1992 kuma Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar da gzip mai matsewa, aka riƙa haɗa su biyun. Tun daga 2018 kuma ana samun tar cikin Windows 10, saboda haka mai shagon buga takardu a Yelwa ko Ngaski da ke amfani da shi yana da ita, ko da bai taɓa buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a cikinsa ba.

Ba a yi mata magana da danna hoto, sai da haruffa, kowane da hukuncinsa. Harafin c yana nufin a ƙulla sabon ƙunshi, x a kwance shi, t a karanto sunayen abin da ke ciki ba tare da an kwance ba, z a matse da gzip, f kuwa shela ce cewa kalmar da ke biye da shi ita ce sunan ƙunshin. Ɗalibin da ya tara takardunsa cikin jaka mai suna takardu, yana son aika su gaba ɗaya, sai ya rubuta tar -czf kaya.tar.gz takardu, wanda ya karɓa kuma ya rubuta tar -xzf kaya.tar.gz, shi ke nan.

A kan wannan f ɗin ne ya kamata a yi tsanaki, domin manhajar ba ta da ɗabi'ar tambayar mutum ko ya tabbata, abin da aka rubuta shi take zartarwa. Idan mutum ya yi gaggawa ya manta da sunan ƙunshin, ya rubuta tar -cf wasika rasit, yana nufin a haɗa su biyun, sai ta ɗauki wasiƙar tasa a matsayin mazubi, ta shafe abin da ke cikinta, ta zuba rasit a gurbinsa, kuma ba za ta ce uffan ba. Haka nan babban harafi da ƙarami ba ɗaya suke ba a wurinta, gama ƙaramin c ƙullawa ne, babban C kuwa nuni ne ga wurin da za a sauke kaya. A ganina babu harafin da ya kai t fa'ida, ko da yake shi aka fi rainawa, saboda ƙunshin da wani ya aiko yana iya kasancewa ɗauke da takarda mai suna irin na taka, idan ka kwance shi ido rufe sai baƙuwar ta hau kan ta gida, alhali duban daƙiƙa kaɗan da ya wadatar.

Sai dai kada a ɗora wa matsewa abin da ba ta iyawa. Hikimarta ita ce neman abin da ya maimaitu a taƙaita shi, don haka rubutu zalla kan ragu ƙwarai, amma hotunan waya da bidiyon bikin Rigata an riga an matse su tun wajen ɗauka, ko an sa z ba za a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Wanda kayansa suka fi ƙarfin aikawa a tashi ɗaya, gara ya koma ga zip, tsarin da Phil Katz ya ƙirƙiro a 1989, inda harafin r ke shiga kowace jaka da abin da ke cikinta, s kuma ya yanka ƙunshin gida-gida gwargwadon girman da aka ƙayyade, ta yadda idan layi ya yanke a tsakiya, yanki ɗaya kawai za a sake turawa. Sharaɗinsa dai shi ne mai karɓa ya tara yankunan duka cikin jaka ɗaya kafin ya kwance, in ɗaya ya ɓace, ƙunshin ba zai fito cikakke ba.