Daga Hanoi Zuwa Ho Chi Minh a Kan Keke

Tsakanin Hanoi da birnin Ho Chi Minh a ƙasar Biyetnam akwai kusan kilomita 1,700, kuma akwai matafiyan da ke yin wannan tafiya a kan keke su kaɗai. Wasu na ganin ganganci ne, wai wa zai agaza in keke ya lalace? Ai hanyar cike take da ƙauyuka, masu faci da masu sayar da ruwan rake ba sa yankewa. Abin tsoron shi ne zafi da ruwan sama. Dole matafiyi ya kama hanya da asuba, ya fake da tsakar rana, ya riƙa shan ruwa da ɗan gishiri saboda yawan gumi. Tsakiyar ƙasar kuwa, wajen Hue da Da Nang, a kauce mata daga Satumba zuwa Disamba, lokacin guguwa da ambaliya.