Kombi mai ɗaki

Kombi mai ɗaki mota ce ƙirar kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus wadda aka mayar da cikinta wurin kwana da girki, domin matafiyi ya yada zango duk inda dare ya yi masa. Sunanta na kamfani Type 2 ko Transporter, amma a Najeriya an fi saninta da Kombi, kuma irinta ta haya ce ta yi suna a Legas da danfo. A Turai da Amurka tsofaffinta sun zama kayan marmari, har an sayar da wata ta shekarar 1965 a kan sama da dala 300,000 a wani gwanjo a Amurka a 2017. Masu ba da shawara a can sun fi tsoratar da mai saye da tsatsa. A arewacin Najeriya kuwa, abubuwan da suka fi kashe wannan mota ko su raba ta da mai ita su ne zafi da ƙura da rashin takardu.

Tarihi

Wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan mai suna Ben Pon ne ya fara zana siffarta a 1947, aka soma ƙera ta a garin Wolfsburg a watan Maris na 1950, sannan aikin ya koma Hanover a 1956. Samfuri uku ne ake lissafawa a cikin tsofaffi. Na farko, T1, gilashin gabansa a rabe yake gida biyu, kuma an yi shi a Jamus har 1967. Na biyu, T2, mai gilashi guda, ya kai 1979 a Jamus, amma Brazil ta ci gaba da ƙera shi har ƙarshen 2013, lokacin da sabuwar dokar kariya daga haɗari ta ƙasar ta tilasta a daina. Na uku, T3, mai kusurwoyi kamar akwati, ya fito a 1979. Duka ukun injinsu a baya yake. Kamfanin Westfalia ne ya fi shahara wajen saka musu gado da kabad da murhu tun daga 1951, daga baya kuma ya ƙara rufin da ake ɗagawa sama domin mutum ya iya miƙewa tsaye a ciki.

Zuwanta ƙasar Hausa

Ta hanya biyu Kombi ta shigo. Ta kudu, kamfanin Volkswagen na Najeriya ya fara haɗa motoci a Legas a 1975, shekarar da Peugeot ya fara nasa a Kaduna, kuma Kombi ta yi aikin haya da na asibitoci da makarantu kafin ƙananan bas na Japan, musamman Hayis, su karɓe tasha. Ta arewa kuma, a shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sun riƙa keto Sahara da tsofaffin motoci ta Tamanrasset da Arlit da Agadas zuwa Damagaram, da yawansu su sayar da motar su koma gida a jirgi. Wanda ya zarce Kano daga Damagaram, ko dai ya bi ta Matamaye da Daura ya ratsa Kazaure, ko ya bi ta Magarya ya faɗo Babura. Saboda haka yankin arewa maso yammacin Jigawa yana kan tsohuwar hanyar waɗannan motoci.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye. Yawancin Kombin da za a samu a yashe a gareji ko bayan gida ba mai ɗaki ba ce tun asali, motar haya ce da ta sha lodi shekara da shekaru. Kafinta zai iya buga mata gado da kabad a mako guda, amma wannan bai mayar da ita Westfalia ba, kuma bai kamata a biya kuɗin Westfalia a kanta ba. Akwai ƙaramin allon ƙarfe a bayan kujerar gaba da yake nuna yadda motar ta fito daga kamfani.

Inji

Injin T1 da T2 na Jamus da T3 na farko-farko ba shi da lagireto. Iska ce take sanyaya shi, ta hanyar fanka, wadda a yawancinsu fambel ne yake juya ta, sai baƙin mai wanda a injin mai cc 1600 bai wuce lita biyu da rabi ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Kazaure da kewaye, wannan tsari ba ya yafe sakaci. Akwai faranta na kwano da suka lulluɓe injin, da robar da ta zagaye shi, waɗanda suke hana iska mai zafi ta ƙasa komawa cikin fanka. Makanikan da ba su san motar ba sukan cire su su yar, wai ba su da amfani. Injin da aka gani tsirara, ana hango ƙasa ta gefensa, to ya daɗe yana dahuwa, ko da kuwa yana tashi bugu ɗaya.

Ana so mai saye ya iske injin da sanyinsa, ba wanda dillali ya riga ya ɗumama ba. A kama babban fulin da ke bayan injin a ja shi gaba da baya: in ana jin yana wasa sosai, injin yana gab da neman a sauke shi. Shuɗin hayaƙi daga salansa alamar ringi ne. Ɗan gumin mai a ƙarƙashi ba abin tashin hankali ba ne a irin wannan inji, amma mai ɗiga har ya taru wata magana ce. Bayan nan a tuƙa ta tafiya mai ɗan nisa, kamar daga Kazaure zuwa Ɗambatta a dawo, a haɗa da hawa, domin injin da zai buga ba ya nuna kansa a zagayen unguwa. Idan jar fitilar caji ta kama ana cikin tafiya, mai yiwuwa fambel ne ya tsinke, kuma fanka ta tsaya ke nan. Direban da ya ce bari ya ƙarasa gari, da sabon inji zai biya.

Ƙurar hunturu ita ce matsala ta biyu. Injin 1600 ba shi da matatar baƙin mai irin ta motocin yanzu, 'yar raga ce kawai, shi ya sa ake juye man a kowace kilomita 5,000, a hanyar burji ma ƙasa da haka. Bawul ɗinsa da hannu ake saita su, injin yana sanyi, a kan milimita 0.15. Sai kuma tiyon fetur, wanda yake bi ta kusa da inji mai zafi. Tsohon tiyo da ya tsattsage shi ne sanadin gobarar da ta cinye da yawa daga cikin waɗannan motoci, don haka masu ita suke fara canza shi kafin komai, su kuma ajiye abin kashe gobara kusa da direba.

Jiki da ɗaki

Motar da ta yi rayuwarta a busasshiyar ƙasa irin ta Babura ko Gwiwa takan tsira da ƙarfenta, sai dai fenti ya ƙone, robobi su bushe. Wadda ta fito daga Legas ko Turai, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, ita ce ake shiga ƙarƙashinta da tocila. Wuraren dubawa su ne ƙasan ƙofofi, da matakin shiga, da ƙasan gilashin gaba, da mazaunin batir, da ƙarfen da ya riƙe tayoyin gaba. Maganaɗisu ba ya kama wurin da aka cike da fila, kuma sabon fenti a kan tsohuwar mota dalili ne na ƙara bincike.

A cikin ɗakin, gara takan ci katako, ɓeraye su ci wayoyi, rana kuma ta ruɓar da tantin rufi. Tsohon bututun gas ba abin amincewa ba ne, kuma kunna murhu a rufaffiyar mota yana iya kashe mai barci. Waɗanda aka ƙera kafin 1967 batirinsu mai ƙarfin bolt 6 ne, wanda yake da wuyar samu, sai dai in an riga an mayar da su 12.

Takardu

Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972, saboda haka Kombin Ingila mai sitiyari a dama ba ta dace da ƙa'idar hanya ba. Dokar kwastan ta hana shigo da motar da ta wuce wasu shekaru da ƙerawa, kuma duk waɗannan samfura sun wuce su da nisa. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta kuma hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Wanda ya ga Kombi mai araha a Damagaram ko Maraɗi, to kuɗinta ba shi ne ƙarshen lissafi ba, domin motar da ba ta da takardar duti ana iya ƙwace ta a kowane shinge tsakanin kan iyaka da Kano. Ga wadda take cikin gida, ana gwada lambar cesis da ke jikinta da wadda ke takarda, a rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, a yi canjin suna. Motar gado tana buƙatar amincewar dukkan magada, ba ɗaya daga cikinsu kaɗai ba.

Kayan gyara da tuƙi

Kayan injin 1600 ba su ɓace ba, domin dangi yake da na ƙaramar Volkswagen mai siffar kunkuru, kuma har yanzu ana ƙera su a ƙasashen waje. Mai nema daga Kazaure zai fara da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, in bai dace ba sai Ladipo a Legas ko oda ta intanet. Abin da ya fi kayan wuya shi ne bakaniken da ya goge a injin iska, domin yawancinsu sun tsufa. Ya fi a same shi kafin a sayi motar, a kuma je ciniki tare da shi.

A kan hanya Kombi ba ta gaggawa, ta fi jin daɗin kilomita 80 zuwa 90 a awa. Iskar gefe da ta manyan motoci tana ture ta, birkin waɗanda aka yi kafin 1970 duka na ganga ne, kuma direba yana zaune ne a kan tayoyin gaba, babu komai tsakanin gwiwarsa da abin da ke gabansa sai falle ɗaya na ƙarfe.