Makaho a Makarantar Allo

Ga al'adar ƙasar Hausa karatu da allo yake farawa: malam ya rubuta, almajiri ya biya, in ya haddace ya wanke. To, yaron da ba ya gani fa? Shi ba shi da allo sai kunnensa. Malam yakan maimaita masa aya har ta zauna, watau talƙini, sa'an nan ya riƙa tilawa kada ta kuɓuce masa. Hanyar nan tsohuwa ce, da ma Alƙur'ani daga baki aka fara karɓarsa.

Hujjar malamai a kan haƙƙinsa na karatu ita ce farkon Suratu Abasa, wadda ta sauka game da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman sani sa'ad da Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) yake magana da manyan Ƙuraishawa. Daga baya ya zama ladan, har akan bar masa Madina in an fita yaƙi. Lalle Suratul Fathi, aya ta 17, ta ɗauke wa makaho da gurgu da majiyyaci laifi, amma fa zancen fita yaƙi ake yi. Jama'a da yawa sun ɗauki rangwamen nan kamar ya haɗa da neman ilmi, shi ya sa sau da yawa akan miƙa wa yaro sanda da ƙoƙo tun bai kai izu biyu ba.

Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1194, makaho ne, ga shi kuwa har yau da baitocinsa 1,173 ake koyon ƙira'o'i bakwai. A Zazzau ma an yi Aliyu Namangi, mai Imfiraji, wanda ya rasu a 1990. Abin lura, waƙoƙin da ya tsara don wa'azi su ne makafi da yawa suka riƙe suna bara da su.

Rubutun makafi kuwa ta hannun mishan ya shigo Arewa. A Gindiri suka buɗe makarantar makafi a 1953, wannan ya sa iyaye Musulmi suka daɗe suna ɗari-ɗari da shi. Yanzu akwai Alƙur'ani cikin rubutun nan.

Kurma shi ne aka fi bari a baya, domin talƙini bai isa gare shi ba, malaman allo da suka iya maganar hannu kuwa kaɗan ne.