Kwamfutar da Aka Kulle Faifanta

Idan kwamfutar malami ko akawu ta mutu a Furfuri, ko Bunguɗu, ko Tsafe, Gusau akan kai ta. A da, mai gyara yakan cire faifan ajiya, ya sa a wata kwamfuta, ya kwashe takardun da ke ciki. Yanzu wannan dabara ba kullum take ci ba.

Dalili kuwa shi ne wani kulli mai suna BitLocker, wanda kamfanin Microsoft ya sa cikin Windows tun 2007. Yakan hargitsa dukan abin da ke faifan, mabuɗin kuwa yana cikin wani ɗan ƙanƙanen sashe na jikin kwamfutar. Da an raba faifai da kwamfutarsa, sai a nemi mabuɗin ceto, watau lambobi 48, kashi takwas, shida-shida. Sababbin kwamfutoci da yawa sukan kulle kansu, mai abu bai ma sani ba.

Sai a nemi lambobin nan cikin asusun Microsoft na wanda ya fara shirya kwamfutar. Wanda ya sayi ta hannu, lalle ya tambayi mai ita na farko. Ta ofis kuwa, wurin mai lura da kwamfutocin ofis za a je.

Kada mai abu ya yarda a goge faifan don gaggawa. In yana ƙara, a fara kwafe shi dungum kan wani, sa'an nan a gwada mabuɗi. Idan lambobin sun ɓace sarai, ba mai gyaran da zai iya buɗewa, ko kamfanin ba ya ƙirƙiro wasu, kuɗin da aka biya kuwa asara ne.