Lambu, Waƙa da Sana'ar Hannu a Lokacin Maganin Ciwon Daji: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Da zarar likita ya tabbatar da cewa wani a gida yana da ciwon daji, abu na farko da 'yan uwa ke yi shi ne karɓe masa komai. A karɓe fartanya, a tura keken ɗinki lungu, a kashe rediyo kada a dami Baba. "Kwanta ka huta, mu za mu yi." Ƙauna ce ke sa haka, babu shakka. Sai dai maganin wannan ciwo yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma wanda aka raba da duk abin da ke faranta masa rai tsawon wannan lokaci, ba abin da zai rage masa sai kallon rufin ɗaki da tunanin ciwo. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2022 sama da mutum 127,000 ne suka kamu da ciwon daji a Najeriya, don haka gidajen da wannan magana ta shafa suna da yawa. Shawarar masana a yau ita ce a rage aikin, a sauya yadda ake yinsa, a zaɓi ranar da ta dace, amma kada a daina.

Me ya sa hutu kaɗai ba ya wadatarwa?

Gajiyar mai ciwon daji daban take da gajiyar wanda ya wuni a gona. Barci ba ya kawar da ita. Ciwon kansa yana kawo ta, magani yana ƙara ta, ƙarancin jini ma haka. Idan mutum ya lazimci katifa, tsokarsa takan saki cikin 'yan makonni, sai abin da yake yi jiya cikin sauƙi ya gagare shi yau. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

A 2019 wani taron ƙwararru da ƙungiyar likitocin motsa jiki ta Amurka ta kira ya ba da shawarar matsakaicin motsa jiki na kimanin minti 30, sau 3 a mako, domin rage gajiya da damuwa ga masu ciwon daji. Matsakaici na nufin numfashi ya ɗan hau amma mutum na iya magana. Ban-ruwa da shara da tattaki zuwa masallaci duk suna iya shiga lissafi. A 2025 kuma aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi akasari a Kanada da Ostireliya kan mutum 889 da suka gama maganin dajin hanji. Waɗanda aka ɗora a kan tsarin motsa jiki na shekara 3, yawancinsu tafiya da ƙafa ce kawai suka zaɓa, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kashi 37 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka bai wa takardun wayar da kai kaɗai. Wannan ba ya nufin motsi ya maye gurbin magani. Dukkansu sai da aka yi musu tiyata suka kuma karɓi maganinsu.

Ku san kwanakin jininku

Maganin da ake sakawa ta jijiya, wanda a asibiti ake kira kimo, zagaye-zagaye ake bayar da shi, sau da yawa duk bayan mako 2 ko 3. Yana kashe ƙwayoyin ciwo, yana kuma taɓa ɓargo inda ake ƙera jini. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki, sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an saka maganin, sannan su farfaɗo kafin zagaye na gaba. Ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan an yanke ma suna iya raguwa.

Wanda ya gane wannan ya sami jadawalin harkokinsa. Kwanakin farko bayan magani, lokacin tashin zuciya da kasala, na sauraro ne da kallo. Mako na biyu, ko da jiki ya fara daɗi, shi ne mafi haɗari wajen kamuwa da cuta, don haka a nisanci taki da cunkoson jama'a. Kwanakin da ke gab da komawa asibiti su ne galibi na ƙarfi, a nan za a ajiye dashe da ziyara. Tsarin kowa daban ne, shi ya sa yana da kyau duk ranar awon jini a tambayi likita ko nas: "Jinina ya kai in taɓa ƙasa?"

A lambu: ƙasa, taki da rana

Maggie Keswick Jencks, wata masaniyar tsara lambuna 'yar Sukotland, ta ji labarin dawowar ciwonta a 1993, aka bar ta zaune a barandar asibiti marar ko taga. Sauran kwanakinta ta ƙarar da su wajen tsara wurin da mai ciwon daji zai zauna ya ga haske da tsirrai. Ta rasu a 1995, aka buɗe cibiyar farko mai sunanta a Edinbara a 1996, yau kuma akwai irinta da dama a Birtaniya, lambu na cikin ginshiƙan tsarinsu. A jami'ar Alabama da ke birnin Bamingham na Amurka ma an yi wani shiri da ya haɗa waɗanda suka yi jinyar daji da ƙwararrun masu lambu su noma kayan miya a gida.

Amma ƙasa tana da nata haɗari ga mai raunin garkuwa. Juji da ruɓaɓɓen ganye da takin gargajiya da hatsin da ya yi funfuna suna ɗauke da ƙwayoyin da idan aka shaƙa za su iya kama huhu. Lafiyayye yana shaƙar su kullum ba abin da ke samunsa, mai karɓar kimo kuwa suna iya kwantar da shi. Don haka tonon juji, watsa taki da sheƙar hatsi a bar wa wani, kuma kada majinyaci ya tsaya inda iska ke kaɗo ƙurar. Masu dajin jini da waɗanda aka yi wa dashen ɓargo, su kam sau da yawa ana hana su aikin ƙasa baki ɗaya na wasu watanni.

Ga wanda likita ya yarje wa, kayan aikin su ne safar hannu mai kauri, takalmi sau-ciki, riga mai dogon hannu, malfa, da takunkumi idan hunturu ya taso. A yayyafa wa ƙasa ruwa kafin a taɓa ta don ƙura ta kwanta. A fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, domin wasu magungunan suna sa fata saurin ƙonewa a rana, haka ma wurin da aka yi wa gashi, wato maganin da ake yi da hasken na'ura. Ƙaya ta soke ka ko lauje ya yanke ka, wanke nan take da sabulu da ruwa mai tsabta, ka rufe, ka riƙa dubawa.

Wanda fadama ta yi masa nisa, lambun na iya zuwa tsakar gida. Buhun shinkafa da aka cika da ƙasa aka huda gindinsa, aka ɗora a kan bulo biyu don kada a sunkuya, yana ɗaukar tumatir ko barkono ko alayyahu. Majinyaci na zaune a kujera da ƙaramar buta, yana tsinke busasshen ganye, yana ɗaure reshe a jikin kara, jikansa na ɗebo masa ruwa. Minti goma na wannan ya wadatar a ranar da jiki ba daɗi. A dai kula kada ruwa ya kwanta a gwangwani ya tara sauro.

Abu biyu kuma. Matar da aka cire wa kaluluwar hammata a tiyatar nono, hannun wannan ɓangare yana iya kumbura, kuma ƙaramin rauni na iya zama babban ciwo. Ba a ce ta daina amfani da hannun ba, sai dai ta kare shi, ta ƙara nauyin abin da take ɗauka sannu a hankali. Wanda kuma ciwon ya kai ga ƙashi, kamar yadda dajin nono da na mafitsara kan yi, kada ya ɗauki buhu ko jarkar ruwa sai ya ji ta bakin likita, domin ƙashin na iya karyewa.

Abin da aka shuka abinci ne

Zogale da rama da yakuwa suna da amfani a tukunya. A wanke su sosai, a dafa su, musamman a kwanakin raunin garkuwa, a kuma guji ɗanyen latas ɗin da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata. Amma babu ganyen da aka tabbatar yana warkar da ciwon daji idan an jiƙa ko an dafa an sha. Gaskiya ne maganin vincristine daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka samo shi, furen nan mai fari ko ruwan hoda da ake shukawa don ado. Sai dai ana tace shi ne a masana'anta, a auna shi daidai da jikin mutum. Dafa furen a sha guba ce. Duk wani jiƙo ko sassaƙe da 'yan dubiya suka kawo, a nuna wa likita tukuna, don wasu suna wahalar da hanta da ƙoda ko su ɓata aikin magani.

Tattabaru, kaji da kyanwa

Mai kiwo ba sai ya sayar da dabbobinsa ba. Kashin tattabaru da ya bushe yana iya ɗauke da ƙwayar da ke kama huhu da ƙwaƙwalwa, kashin kaji na kawo gudawa mai tsanani, na kyanwa ma yana da tasa cutar. Saboda haka sharar akurki da ɗakin tattabaru da turke ta koma hannun wani. Watsa tsaba daga nesa, ƙirga 'yan shila, zama a kalli tashinsu da saukarsu, duk waɗannan nasa ne. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dabba.

Waƙa da sauraro

A 2021 ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci, ta duba gwaje-gwaje 81 da suka haɗa mutum 5,576 masu ciwon daji. Ta ga alamar cewa kiɗa da waƙa na iya rage fargaba, baƙin ciki, zafin ciwo da gajiya, ko da yake ta yi gargaɗin cewa ingancin gwaje-gwajen da yawa ba shi da ƙarfi. A yankin Wels na Birtaniya, ƙungiyar agaji ta Tenovus ta kafa rukunonin mawaƙa na masu ciwon da iyalansu. Binciken da aka wallafa a 2016 kan mutum 193 daga cikinsu ya nuna sinadarin damuwa a jikinsu ya ragu bayan sa'a guda suna rera waƙa tare.

Abin da mutum yake so shi ne ke yi masa aiki. Wani Shata ne ko Ɗankwairo, wata Barmani Choge, wani bege, wani kuma ba abin da ke sanyaya masa zuciya kamar ƙira'ar Husari ko Minshawi. Ranar kimo akan shafe sa'o'i ana jiran ruwan maganin ya ƙare, don haka a cika waya da caji, a zuba abin saurare tun a gida, a tafi da abin sawa a kunne. Kada a ƙure murya: maganin cisplatin yana iya taɓa ji, duk wanda ya fara jin ƙara a kunne ya faɗa da wuri. Mai busa sarewa ya tsabtace bakinta, kada ya yi aro, ya dakata idan bakinsa ya yi gyambo.

Idan yatsu suka daina ji

Magunguna irin su paclitaxel, oxaliplatin da vincristine, sunayen da za ku gani a katin asibiti, suna iya taɓa jijiyoyin yatsu. Sai a ji kamar ana tsira allura, ko yatsun su mutu. Mai ɗinkin hula zai ga zare ya ƙi shiga allura, mai gurmi ya ji tsirkiya ba ta amsa masa yadda ya saba. Kada a ɓoye wannan don tsoron a dakatar da magani. Likita na iya rage adadi kafin lahanin ya zauna. Kafin nan a koma ga babbar allura da zare mai kauri, a yi aiki cikin haske, a ba wani ya zura zaren, a yi hattara da almakashi da dutsen guga tunda yatsan ba zai ji zafi da wuri ba.

Wasu kuma mantuwa ke damunsu, su karanta shafi su kasa riƙe shi. Gajeren karatu, littafin da ake karantawa a rediyo, ko dara da abokai a ƙofar gida sun fi sauƙi. Kada abokan su ji tsoro: ciwon daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma wanda na'ura ta gasa daga waje ba ya ɗauke da wani haske da zai cutar da na kusa da shi. Mai mura ko tari ne ya kamata ya nisanci majinyaci.

Gashin na'ura kuwa kullum ake yinsa, Litinin zuwa Juma'a, makonni a jere, kuma na'urorin ba su da yawa. Mutum kan bar garinsu ya tare a Zariya, Sakkwato, Abuja ko Yamai. Mai irin wannan tafiya ya sa abin hannunsa a jaka, hula ce ko saƙa ko allo, ya damƙa lambun ga wanda zai riƙa turo masa hoto.

Alamun da ba a jira da su

Zafin jiki da ya kai digiri 38, ko rawar ɗari, ga mai karɓar kimo maganar gaggawa ce, ko da tsakar dare ne. Kada a ce maleriya ce a aika kemis, kada a sha farasitamol a kwanta. A tafi asibiti, a gaya musu ranar da aka saka magani na ƙarshe. Haka nan jinin da ya ƙi tsayawa, rauni da ya yi ja ya kumbura, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, jiri, ko sabon ciwon baya mai tsanani. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, ya kamata ya kasance a ɗakin.

Ga masu jinya

Maimakon "Baba, bari kawai," a ce "Baba, wanne za ka yi, wanne za mu yi?" Shi ya zaɓi iri ya nuna inda za a dasa, yara su yi haƙa. Inna ta yanka yadi ta ɗinka, wata ta yi guga. Ranar da ya ce ba zai iya ba, a ƙyale shi, kada abin sha'awa ya zama wani aikin dole. Ranar komawa asibiti kuma a rubuta abubuwan da yake son yi a takarda, lambu ne ko kiwo ko zuwa biki, a karanta wa likita ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wanda za a yi yanzu, wanda za a yi da kariya, da wanda zai jira sai jini ya hau.